Inna Ta Ce Biyar

Rikkos, Jos
9 ga Afrilu, 1978

Zuwa ga Yayana abin alfaharina, Yaya Labaran,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan ƙalau. Yaya Ibadan, yaya zafi, yaya fama da karatu? Allah ya taimaka, amin.

Bayan haka, Yaya, na gama aikin da ka ba ni. Takardun tambayoyin nan duk na cike su, na naɗe a leda saboda ruwa, na ba Oga Linus na reluwe. Ya ce hannu da hannu zai miƙa maka.

Wallahi da farko ban zaci zan iya ba. Ka san ni, ko baƙo aka yi a gida ɗaki nake shigewa. Ranar farko da na yi sallama a gidan Malam Jika mahauci, muryata ƙin fita ta yi, har wata mata ta leƙo ta ce, "Ke, da aljanu kike magana?" Amma sai na tuna ka ce namiji ba ya shiga gidan kulle, in ban yi maka ba babu mai yi. Na kuma tuna ka ce in binciken ya yi kyau, sabuwar jami'ar nan ta Jos za ta ɗauke ka koyar da ilmin tattalin arziki, ka dawo gida. Sai na daure na shiga.

Na tambayi kowace mata kamar yadda ka tsara: sana'arta, abin da take samu, yaushe ta yi aure, 'ya'yanta nawa da shekarunsu. Yawanci ba su san shekara ba, sai mu yi ta lalube, wannan an haife shi shekarar 'yancin kai, wancan ana tsakiyar yaƙi, wannan kuma lokacin canjin hannun tuƙi. Wata mai ƙosai ta ce in gaya maka in haraji za ku ɗora wa ƙosai, to ka fara zuwa ka sha hayaƙi tukuna. Na shiga gidajen Birom ma na bayan rafi, can dai ba a sha wuya, har gwate aka zuba mini.

Yaya, don Allah yaya kwamfutar nan take? Ni a raina kamar wani ƙaton sunduƙi ne mai fitilu, yana numfashi a hankali, kai kuma kana tsaye gabansa da farar riga, shi kaɗai ya san abin da ke zuciyarka. Ran nan na bi ta hanyar Bauchi da gangan don in ga ƙofar jami'ar. Na tsaya ina ganinka kana fitowa da littattafai a hammata, ɗalibai na buɗa maka hanya, har wani mai keke ya kusa kwashe ni.

Kuma, in ba ka ji haushi ba, akwai wata ne a can? A littafin da na aro a kasuwar Taminus akwai wani malami mai ɗaure fuska kamarka, ashe duk ɗaurewar nan so ne yake ɓoyewa.

Lukuman yana gaishe ka. Yaya Maimunatu ta zo daga gidanta, ita ma tana gaisuwa. Inna tana lafiya, tana nan tana ta ƙulinta.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka mai begen ganinka,
Balaraba


Ibadan
14 ga Mayu, 1978

Balaraba,

Bayan gaisuwa, na sami takardu. Da na san abin da ke ciki da ban wahalar da Linus ba.

Tunda kina son sanin kwamfuta, bari in gaya miki. Ba ta numfashi, ba ta san zuciyar kowa ba. Ɗaki ne mai sanyi kamar na ajiyar gawa. Kowace amsa da kika rubuta sai na zauna na huda ta a kan kati, mace ɗaya kati ɗaya. Sannan in ɗauki katunan in bi layi bayan 'yan kimiyya, waɗanda suke ganin mai tattalin arziki ba shi da abin yi a wurin, in miƙa ta taga, in dawo washegari in karɓi sakamako. In huji ɗaya ya kauce, a maido maka da kayanka ka sake bin layi. Haka na yi wata guda.

Ga abin da ta fito da shi. A gidajen Birom mace na haihuwa shekara ɗaya ko biyu bayan aure, kamar kowace mace a duniya. A gidajen Hausawa kuwa, wai kusan kowace mace sai ta yi shekara huɗu ko biyar ba ta haihu ba. Dukansu! Dakta Charles, malamin da ke duba aikina, ya duba takardar ya cire tabarau ya ce, "Labaran, ko dai ka gano sabuwar cuta a Jos, ko kuma wanda ya cike maka takardun nan a ɗaki ya zauna." A gaban mutane ya faɗa.

Bincikena shi ne in nuna abin da mace ke samu a bayan katanga da yawan bakin da yake ciyarwa. In yawan 'ya'ya ƙarya ne, to duk abin da na gina a kai ya rushe. Babu digiri, babu aikin Jos.

Ki faɗa mini gaskiya. Gida nawa kika shiga da ƙafarki, nawa kuma kika cike kina kwance rub da ciki da littafin banzan nan a gefe? Yarinyar da za ta tsaya tsakiyar titi tana mafarki har keke ya kwashe ta, me zai hana ta ƙirƙiro 'ya'yan mutane? Laifina ne da na ba mai barci tsaron ƙofa.

Maganar "wata" kuma, kada ki sake yi mini ita. Ni ba sa'anki ba ne.

Ina jiran amsa da gaggawa.
Labaran Isa


Rikkos, Jos
26 ga Mayu, 1978

Zuwa ga Yaya Labaran,

Gaisuwa da ladabi. Ina fata kana lafiya.

Wasiƙarka ta same ni na dawo daga makaranta. Na karanta a zaure, ban iya shiga gida ba sai da idona ya washe, don kada Lukuman ya gani ya yi mini waƙa.

Yaya, na rantse da Allah babu gidan da ban taka ba. Ka tambayi takalmina, sau biyu ana kai shi wurin mai gyara. Ranar da aka yi ƙanƙarar nan da ta fasa kwanon makarantar allo, ina rakuɓe a zauren wasu mutane a unguwar Kongo-Rasha, na cusa takardunka cikin riga, ni na jiƙe su ba su jiƙe ba. Akwai gidan da aka sako mini kare. Akwai wadda ta ce in koma in gaya wa uwata ta nema mini abin yi. Ban taɓa faɗa maka ba don kada ka ce na cika raki.

Littattafaina kuma ba su tare wa kowa hanya ba. Mutanen ciki ko sun yi faɗa, a ƙarshe sukan saurari juna.

Ka ce in rubuta abin da mace ta faɗa da bakinta, kada in ƙara kada in rage. Har layi biyu ka ja wa maganar a ƙasa. To abin da na yi ke nan. Wadda ta ce uku na sa uku, wadda ta ce bakwai na sa bakwai. Ko Inna da na tambaye ta, biyar ta ce, Yaya Maimunatu da Lukuman da ni da ƙannenmu biyu, na rubuta biyar. Ai ka san ba a ƙirga ɗan fari. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta lissafa da na farinta, ita da ko sunansa ba ta kamawa? Duk gidajen haka aka yi, sai dai na su Ngo Suzana ungozoma, su Birom ba ruwansu, ita da Dalyop ɗinta ma ta fara. Ni na ɗauka kai ka sani, kuma na ɗauka injin da aka ce ya fi mutum ƙwaƙwalwa zai ƙara ɗayan da kansa.

In na yi kuskure ka yi haƙuri, amma ban yi ƙarya ba. Don Allah ka gaya wa Dakta Charles haka, don ba na so mutumin da bai taɓa ganina ba ya riƙa yi mini kallon maƙaryaciya.

Kowa yana gaisuwa.

Ƙanwarka,
Balaraba


Ibadan
11 ga Yuni, 1978

Balaraba,

Na ga wasiƙarki. Wato kin sani. Kina kallo ana zubar da mutum guda a kowane gida, kina rubutawa, kina jin daɗin kin yi biyayya. Da ƙaryar kika yi ma da ya fi mini sauƙi, don maƙaryaci ya san abin da yake yi.

Na koma na zaro katin Innarku daga cikin tarin. Da hannuna na huda shi, ban ko lura ba, don lamba nake bi ba suna ba. Biyar. Na daɗe ina kallonsa har mai kula da ɗakin ya ce in ba wani wuri.

"Ai ka san ba a ƙirga ɗan fari." Haka kika rubuta, kamar mai ba da labarin farashin tumatir. To na sani, Balaraba, na fi ki sani. Ana yaye ni aka kai ni unguwar Abatuwa wurin kakarmu Iya. In na zo gidanku da yamma sai Innarku ta kau da kai ta ce, "A ba yaron can tuwo." Ranar da na ci jarrabawar shiga sakandare, duk unguwa sai da aka shafa kaina, ita ko ta shige madafa. Da Baba ya rasu na kwana biyu a jirgi na zo, na durƙusa gabanta, ta dubi bango ta ce, "An zo lafiya?" Ana ce mini kunya ce. Na yarda, don Iya na raye tana kiran sunana. Yanzu Iya ta tafi, Baba ya tafi. Ashe har a takarda ma babu ni.

Ga abin da za ki yi. Ki koma duk gidajen Hausawan nan ki samo mini 'ya'yan farin da shekarunsu, ta kowace hanya kika ga dama. Dakta Charles ya ba ni zuwa ƙarshen Agusta.

Na Innarku kuwa ba na son jin sa daga bakin maƙwabta. Ki zaunar da ita ki sake tambayarta 'ya'yanta nawa, ki rubuto mini abin da ta ce. Wannan ba na Dakta Charles ba ne, nawa ne.

Kuma ki sani, nan ma sun yi mini tayin aiki, ga kwamfuta a ƙofar ofis, ba sai na riƙa ɗaukar kati daga Jos ina bin jirgi ba. Abin da zai kai ni Jos ɗaya ne, gida. In ba a ƙirga ni a gidan ba, ban ga abin da zan zo yi ba.

Labaran


Rikkos, Jos
16 ga Yuli, 1978

Zuwa ga Yayana Labaran,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata ranka ya yi sanyi. Ka gafarce ni da jinkirin amsa, aikin ne ya ci lokaci, ga jarrabawa.

Ga gyararrun takardu nan wurin Oga Linus. Ba don Ngo Suzana ba da ban iya ba. Gidan farko da na koma ni kaɗai, da na ce wa matar, "Ban da waɗannan babu wani babba?" sai ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "La ilaha! 'Yar Tabawa, boko ya cinye miki ta ido?" Na fito da gudu. Ngo ta gan ni ina kuka a bakin famfo, ta ce, "Tashi mu je. Rabin yaran unguwan nan ni na yanke cibiyansa, wa zai ɓoye mini?"

Sai ka ga yadda take yi. Ta shiga ba ko jiran amsar sallama, ta zauna kan turmi ta ce, "Kai Hajara, yaron da na karɓa maka shekaran canjin kuɗi, mai babban kai ɗin nan da ya kusa kashe mu, yana wurin kakansa ko?" Matar ta sunkuyar da kai tana murmushi tana wasa da bakin zane. Ngo ta juyo ta ce, "Rubuta. Shiru ɗin nan i ne." Inda Ngo ba ta sani ba, sai mu tambayi surukar matar, ko mu kira ƙaramin yaro mu ce wane ne babban yayanku. An zage mu a gida biyu, amma an gama.

Yanzu sai maganar Inna. Yaya, ka zauna kafin ka karanta.

Na same ta da yamma, rana ta yi ja a bayan duwatsu, iska tana kaɗa mayafinta. Na ce, "Inna, 'ya'yanki nawa?" Sai ta ɗaga ido sama, hawaye suka gangaro kamar lu'ulu'u, ta dafa ƙirji ta ce, "Shida ne, ya 'yata. Na farinsu Labaran, hasken idona, watan da ke haskaka daren rayuwata. Kullum zuciyata tana kiran sunansa ko da leɓɓana sun yi shiru. Ki gaya masa ya dawo gare ni kafin ƙuna ta cinye ni." Daga nan ta rungume ni muka yi ta kuka.

Ka ga ke nan an ƙirga ka. Don Allah ka ce wa mutanen Ibadan an gode. Yaushe za mu zo tasha tarye?

Taka mai ɗokin ganinka,
Balaraba


Ibadan
2 ga Agusta, 1978

Balaraba,

Takardun sun iso, na huda, na bi layi. Wannan karon lissafi ya zauna daidai, Dakta Charles ya sa hannu. Ki yi wa Ngo Suzana godiya. Ita ta yi aikin.

Sauran kuma, ban san ko dariya zan yi ko amai ba. "Watan da ke haskaka daren rayuwata." Innarku? Matar da in ta ji daɗi iyakarta ta ce "madalla"? Tun da kike kin taɓa ganin ta rungumi wani wanda ya wuce goyo? Daga wane shafi kika kwafo, ko kuwa fassarawa kika yi da kanki?

A watan Mayu na kira ki maƙaryaciya, ban yi daidai ba a lokacin. Ashe gaggawa kawai na yi.

Kin ɗauke ni ɗaya daga cikin sakarkarun mazan littattafanki, da za a jiƙa wa takarda da hawaye su taho a guje. Tambaya ɗaya na aike ki da ita. Ƙaryar da kika yi ta ba ni amsa, don da ta ce shida da ba ki sha wahalar ƙawata shi ba.

Bayan Sallah zan sa hannu a takardar aikin nan na Ibadan. Kada ki sake rubuto mini sai in mutuwa aka yi.

Labaran


Rikkos, Jos
20 ga Agusta, 1978

Yaya Labaran,

Barka da shan ruwa. Ba a yi mutuwa ba, amma zan rubuta, in ka ga dama ka yaga.

I, ni na ƙirƙira. Ban ma tambaye ta ba a lokacin, tsoro nake ji. Na rubuta maka abin da nake so a ce uwa tana faɗa. Ka ce sakarci ne, to na ji. Amma kai da kake da ilmi har ana rububinka, me ka yi? Ka zauna a ɗaki mai sanyi kana aiko 'yar shekara sha shida ta je ta tsige wa uwarta zane a kasuwa. In kana da ƙarfin hali ka zo ka tambaye ta da kanka mana. Kai ma fa "Innarku" kake cewa. Ka taɓa kiranta da wani abu? Ku biyun duk kanwar ja ce, ni kuka samu a tsakiya kuna ja kamar igiyar guga.

Shekaranjiya na tambaye ta. Ga yadda aka yi, ba rana ja, ba iska. Da hantsi ne, tana matsar ƙuli a tsakar gida, Ngo Suzana ta shigo sayen mai.

Na ce, "Inna, 'ya'yanki nawa?"

Ta ce, "Ba na faɗa miki ba tun kafin damina? Biyar."

Na ce, "To saboda biyar ɗin nan Yaya ya ce ba zai dawo ba. Zai karɓi aiki a Ibadan."

Hannunta ya tsaya a cikin tunkuza. Ba ta ɗago ba.

Ngo ta ce, "Tabawa, kai ma dai! Faɗa sunan yaro mana, haƙorinka zai zube ne? Ni kullum ina kiran Dalyop, Dalyop, ga shi ya yi ƙiba kamar buhun dankali."

Inna ta ce, "Ke da aka raba kunya kina gona, ina za ki sani? Uwata har ta koma ga Allah ba ta kama sunan yayanmu ba, kuma shi ya sa ta a kabari. Ni ce zan fara, a rubuta a takarda, a kai wa mutanen Ibadan su karanta?"

Ngo ta ce, "To riƙe kunyanka, Yarbawa su riƙe yaro. Zuba mini kwalba ɗaya."

Wallahi Yaya ban san lokacin da na ɗaga wa Inna murya ba, ni da ban taɓa ba. Na ce ita ta kore ka, na ce ba ta da tausayi. Na zaci mari zan sha. Sai ta ci gaba da matsa, mai yana tsiyaya, har Ngo ta gaji ta zauna. Can ta ce, "Wai shin wa ke tambayar nan? Shi, ko injin?"

Na ce injin ne ke cin amsar.

Ta ce, "To ɗauko alƙalami. Tsakanina da inji babu kunya."

Ga abin da ta ce, ban ƙara ba ban rage ba:

"Kai inji, ina gaisuwa. An ce ka fi mutane lissafi, amma ba a koya maka ladabi ba, don akwai abin da ba a tambaya. Biyar na ce, kuma ko gobe ka aiko biyar za ka ji. Wanda ke wurinka ɗan Iya ne, ita aka haifa wa. Amma tunda mai shi ta rasu, dole wani ya yi magana. An ce ɗakinka sanyi gare shi. To yaron nan yana da ƙirji tun yana goye, in sanyi ya shige shi ba ya faɗa, sai dai ka ji ya yi ta faɗa da mutane. A ba shi tafarnuwa da zuma. Hoton da ya aiko bara wuyansa ya fito, ban ce kai ka cinye shi ba, amma a hannunka yake. In ka gama abin da kake yi da shi ka sako shi. Na sa Lukuman ya kwashe buhunan gyaɗa daga ɗakin zaure tun watan da aka ce za a buɗe masa aiki a nan, ɗakin yana nan a share, ni kuma gyaɗata tana shan ruwa a waje. Iyakar maganata ke nan."

Na karanta mata, ta ce haka ne, ta dangwala babban yatsa a ƙasa. Tabon da ka gani man ƙuli ne, ba hawaye ba, kada ka ce na jiƙa maka takarda. Kuma ka san ba ni na tsara ba, tunda babu wata babu lu'ulu'u.

Ngo ta ce in gaya maka ita ta yanke cibiyarka, in ka ƙi zuwa za ta hau jirgi ta zo ta karɓi abinta.

Ni dai na gama aike. In za ka sa hannu ka sa. Ba zan ƙara bi ta hanyar Bauchi ba.

Wassalam.
Balaraba


Ibadan
6 ga Satumba, 1978

Balaraba,

Barka da Sallah.

Katin na nan da biyar. Abin da mai amsa ta faɗa ba a taɓa shi, ƙa'idar aiki ce.

Zan shigo jirgin Laraba mai zuwa in ga shugaban sashe a Jos. Ban ce na karɓa ba, gani zan yi. Kada ki zo tasha da kuka, kada a yi wani girki.

Ki ce wa Lukuman ya rufe gyaɗar da tamfol kafin ta ruɓe. Ki ce wa matar gidan, injin ya ji saƙo, ya ce tafarnuwar Ibadan ba ta da ƙarfi.

Yayanki,
Labaran